Daga Damagaram zuwa Maraɗi a kan keke: guzuri ne rabin tafiya

Tsakanin Damagaram da Maraɗi akwai kusan kilomita 240. Mai keken da ke cin kilomita 20 a awa zai yi awa 12 bisa sirdi, ban da lokacin salla da hutu. Abin da ke kada mutum a irin wannan tafiya sau da yawa ciki ne, ba ƙafa ba.

Sukarin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka ba ya wuce awa biyu in ana aiki mai ƙarfi. In ya ƙare, sai jiri da sanyin gwiwa su sauko, ko da Tasawa na gaban ido. Shi ya sa masana ke cewa a ci giram 30 zuwa 60 na abinci mai sukari ko sitaci kowace awa, tun yunwa ba ta zo ba. Tafi guda na dabino ya isa. Ayaba da fura ma haka. Kilishi kuwa, duk da daɗinsa, ya jira masauki, don yana jinkirin narkewa.

Ruwa, rabin lita zuwa lita guda a awa, da ɗan gishiri. Ɗirkar ruwa zalla bayan zufa mai yawa na rage gishirin jini, har ya kai ga suma.

Lokacin ɗari ya fi, a tashi bayan asuba. Hunturu daga arewa maso gabas yake busowa: mai nufar Maraɗi iska na tura shi, mai nufar Damagaram kuwa da ita zai yini yana kokawa.