Neman Shiga Makarantar Likita: Daga Aika Takarda Zuwa Samun Kira

An shirya wannan bayani ne domin Hakimai da malamansu, gama wurinsu iyaye su kan fara kai kuka in yaro ya aika da takardar neman shiga makarantar likita, wata ya wuce, wani ya bi baya, ba amsa. Waɗansu su kan zaci an yar da takardar, waɗansu su ce sai mai uwa a gindin murhu, waɗansu kuwa har su jinginar da gona su miƙa wa mazambaci kuɗi. Alhali jiran nan yana da dalili, yana kuma da lokaci, wanda ya san su ba ya ruɗewa.

Asalin Al'amarin

A dā duk ɗan Arewa mai son zama likita sai ya yi doguwar tafiya. Dokta Barau Dikko na Wusasa, likita na farko daga Arewa, a Jami'ar Birmingham ta Ingila ya yi karatunsa. An buɗe makarantar likita a Yaba cikin 1930, aka kafa Kwalejin Jami'a ta Badun cikin 1948. Cikin shekarun 1950 an buɗe wata a Kano, amma ba ta yi tsawon rai ba. Sai da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962, aka buɗe sashenta na koyon aikin likita cikin 1967, zamanin shugabancin Dokta Ishaya Audu, sa'an nan Arewa ta sami tata mai ɗorewa. Babban asibitin Tudun Wadan Zariya ya zama wurin koyarwa, har zuwa 2005 da aka ƙaura da babban aikin zuwa Shika.

A farkon zamanin nan kowace jami'a ita ke karɓar takardunta, sai ya zama yaro ɗaya ya sami gurbi biyu ko uku, wani ya rasa ko ɗaya. Don gyaran wannan aka kafa hukumar JAMB cikin 1978, ta zama ƙofa ɗaya ga kowa.

Matakai Huɗu

Na fari, takarda ta fari. Yaro ya kan yi rajista da hukumar a farkon shekara, ya zaɓi jami'a da fannin da yake so. Tun 2021 ba a yi wa kowa rajista sai da lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa. Mai neman likita ya kan rubuta Turanci, Fizik, Kimistiri da Ilmin Halittu, jimlar maki 400, tun 2015 kuwa duka da kwamfuta ake yi.

Na biyu, taron shugabanni. Bayan fitowar sakamako Ministan Ilmi ya kan zauna da shugabannin makarantu, su yanke mafi ƙarancin maki da wa'adin gama ɗaukar ɗalibai. Kafin zaman nan ba a ba kowa gurbi. Cikin 2024 an soma jarrabawa ran 19 ga Afrilu, taron kuwa sai ran 18 ga Yuli, watau wata uku ke nan tsakani. Shirun da iyaye kan ji cikin waɗannan watanni ba ƙi ba ne, lokaci ne bai yi ba.

Na uku, takarda ta biyu. Tun 2005 jami'o'i suka soma tantance masu nema da kansu. Jami'a ta kan ba da sanarwa, wanda makinsa ya kai ya cika wata takarda tata ta musamman, ya biya kuɗin da aka ƙayyade. Bayan rufe karɓar takardun nan, galibi cikin 'yan makonni, a kan sa ranar tantancewa. Wata jami'a ta kan kira yara su zauna jarrabawa, wata kuwa ta kan duba takardunsu kawai ta haɗa maki. Abin lura shi ne, kiran nan ba ya zuwa ta gidan waya ko ta hannun ɗan aike. A shafin jami'a na intanet ake sa shi, wanda bai duba ba ranar ta wuce shi.

Na huɗu, fitowar suna. Tun 2017 duk gurbin da jami'a ta bayar sai ya bi ta tsarin hukumar da ake kira CAPS. Yaro ya kan ga sunansa a nan, tilas kuwa ya nuna ya karɓa cikin wa'adi, in ba haka ba a ba wani. Gurbin da bai bi ta wannan hanya ba hukuma ba ta san da shi ba.

In an haɗa duka, daga rajista zuwa fitowar suna ya kan wuce wata shida.

Abin Da Ke Kawo Jinkiri

Dalili na farko ƙarancin gurbi ne. Majalisar likitoci ta ƙasa, wadda aka kafa cikin 1963, ita ke yanke wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka, bisa ga yawan malamai da gadajen asibitinta. Masu nema kuwa sun ninka gurbin sau da yawa, saboda haka makin da ya isa shiga wani fanni ba ya isa shiga likita.

Na biyu, sakamakon makarantar sakandare. Ana bukatar kyakkyawan ci a darasi biyar: Turanci, Lissafi, Fizik, Kimistiri da Ilmin Halittu. Sakamakon WAEC ya kan fito wajen Agusta, na NECO a bayansa. Yaron da bai shigar da nasa a wurin hukumar ba, ko da makinsa ya fi na kowa, ba za a duba shi ba.

Na uku, rabon gurbi. A jami'o'in Gwamnatin Tarayya kashi 45 cikin ɗari na masu mafi yawan maki ne, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 na jihohin da suka koma baya wajen ilmi. Suna kan fito rukuni rukuni, don haka wanda bai ga nasa a jerin farko ba kada ya fid da rai. Har wa yau akwai tsaikon da ba laifin yaro ba ne, kamar yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

Yadda Ake Yi A Ƙetare

Ba Nijeriya kaɗai ake jira ba. A Amurka galibi sai mutum ya gama digiri na fari kafin ya shiga makarantar likita. Ya kan aika takarda ta fari wajen Yuni, kowace makaranta ta aiko masa da tata ta biyu, sa'an nan ya jira kiran ganawa da malamai baki da baki. Wani ya kan sami kira cikin mako biyu ko uku, wani sai bayan watanni, gama ana ta kira tun daga Agusta har wajen Maris, kuma wanda ya riga aikawa shi a kan riga dubawa. A Ingila a kan rufe karɓar takarda tsakiyar Oktoba, a yi ganawa tsakanin Nuwamba da Maris.

Abin Da Ake Roƙon Hakimai

Takardar shaidar asali da Ƙaramar Hukuma ke bayarwa sau da yawa a kan shaidar mai unguwa, dagaci da Hakimi take tsayawa, rabon gurbi kuwa a kanta yake. Ana roƙo a ba da ita da wuri, bisa gaskiya, gama shaidar ƙarya tauye hakkin ɗan ƙasa na ainihi ce.

Malamai su lura da rubutun suna da ranar haihuwa, su zama iri ɗaya a kowace takarda. Yaron da yake Muhammadu a nan, Mamman a can, ya sa kansa cikin wahala ranar tantancewa. A gargaɗe shi kuma ya riƙe lambar wayar da ya yi rajista da ita, ya riƙa duba shafin jami'a a kai a kai.

A yi shela ga talakawa cewa ba a sayen gurbi. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya sa sunan yaro, a kai maganarsa gaban hukuma.

Wanda bai samu ba bana, akwai hanyar jarrabawar IJMB, wadda ke kai mai kyakkyawan ci aji na biyu, akwai kuma fannin harhaɗa magunguna, da jinya, da ungozoma. A ƙarfafa wa 'yan mata gwiwa musamman, gama mata da yawa sun fi sakin jiki da likita mace.

Karatun likita shekara shida ne, da shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti. Wanda zai jure wannan, jiran 'yan watanni ba zai gagare shi ba. Mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Allah ya ba ƙasa likitoci masu amana, amin.