Me Ke Cikin Abin Da Muke Saye Da Kuɗin Tara?



Kusan duk abin da muke saye da kuɗin tara an ƙara masa wani abu kafin ya iso hannunmu. Biskit, alawa, cingam, lemun roba, ƙanƙara mai kala, burodi, har zoɓo da kunun aya na ƙullin leda. Wani an sa masa abin da zai ƙara zaƙi, wani abin da zai hana shi lalacewa da wuri, wani kuma kala ce kawai don ya ja ido. Ba duka ne guba ba. Hukuma ta yarda da yawancinsu, amma kowanne akwai iyakar da aka yanka masa. Matsalar ta fi zuwa ta hanya biyu: ko dai mu sha abin ya yi yawa, ko kuma wanda ya haɗa bai auna ba, wani lokacin bai ma san abin da ya zuba ba.

Mu fara da sukari, domin shi ne ba ma tsoro, alhali shi muka fi sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa a ci da sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci a rana. Ga babban mutum, wannan ya kama kusan giram 50, wato cokalin shayi 12. Ta ce in ma an tsaya a cokali 6 ya fi. To, mu yi lissafi irin na aji. Lemuka da yawa suna da sukari wajen giram 10 a kowace mililita 100. Robar rabin lita mililita 500 ce. Goma sau biyar, giram 50 ke nan. Roba ɗaya ta cinye kason yini guda, ba a zo kan shayin safe da biskit ba tukuna. Babu wanda zai iya zama ya kamfaci sukari cokali 12 ya shanye, zuciyarsa ma tashi za ta yi. Amma da sanyi da gas, cikin minti biyu mun gama da shi.

Ƙwayoyin cuta da ke bakinmu suna cin ragowar sukarin su mai da shi tsami, tsamin nan shi ke cinye haƙori har ya yi rami. Yawan shan lemu mai zaƙi kuma yana kawo ƙiba, yana ƙara haɗarin kamuwa da ciwon sukari idan an girma. Da yake cutar ba yau take zuwa ba, shi ya sa muke raina ta. Gwamnatin Najeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021. Naira 10 kuwa, kowa ya san abin da take saye yanzu.

Da sukari ya yi tsada, sai sakarin ya ƙara samun kasuwa. Shi ne farin abin nan da ake sayarwa a ɗan ƙulli, wanda ɗan kaɗan yake zaƙaƙa bokiti guda na zoɓo. Ya fi sukari zaƙi kamar sau 300. Wani masanin kimiyya mai suna Constantin Fahlberg ne ya gano shi a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka wajen shekarar 1879. An ce ya tashi daga ɗakin gwaji ya zauna cin abinci, sai ya ji burodinsa yana zaƙi, ashe sinadarin da ya yi aiki da shi ne ya maƙale masa a hannu. Da a ajinmu ne, da malamin kimiyya ya fara tambayarsa dalilin da bai wanke hannu ba.

An daɗe ana gardama a kan sakarin. A shekarun 1970 an ba ɓeraye shi da yawan gaske, wasu suka kamu da kansar mafitsara, mutane suka tsorata. Daga baya bincike ya nuna cewa yadda abin ke faruwa a jikin ɓera ba haka yake a jikin mutum ba, har Amurka ta cire shi daga jerin abubuwan da ake zargi da kawo kansa a shekarar 2000. Duk da haka ba a ce a sha yadda aka ga dama ba. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa iyakar miligiram 5 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana. Ɗalibi mai kilo 40, nasa miligiram 200 ne, wato a raba giram ɗaya gida biyar a ɗauki kashi ɗaya. Kamfani yana da ma'aunin da zai auna wannan. Mai haɗa zoɓo a gida da yatsa take ɗiba, ta ɗanɗana, in bai yi mata ba ta ƙara.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba. Sakarin ba abinci ba ne. Ba ya ba jiki ƙarfi ko kaɗan, yadda ya shiga haka yake fita a fitsari. Da yawa daga cikinmu ba ma karyawa kafin mu fito, abin da muka saya da tara shi ne zai riƙe mu har a tashi. In ƙanƙarar da muka sha ruwa ce da kala da sakarin, to harshe ne kawai ya ci riba, ciki yana nan wayam, darasi na biyar kuma sai hamma. Gane shi ba wuya: bayan zaƙin ya wuce, yakan bar wani ɗaci-ɗaci kamar an lashi ƙarfe.

Ba muna cewa a ƙaurace wa masu sayar da zoɓo ba ne. Iyayenmu ne da yayyenmu, wasunmu ma da kuɗin zoɓon ake saya musu littafi. Zoɓon da aka yi da citta da kanumfari da sukari daidai kima ya fi lemun roba amfani nesa ba kusa ba. Tambaya ce kawai za mu riƙa yi cikin ladabi: "Iya, da sukari aka yi ko da sakarin?" In masu tambaya suka yi yawa, mai sana'a za ta gane abin da masu saye ke so.

Sakarin yana da ɗan uwa da ake sa wa a cingam da lemukan da aka rubuta ba su da sukari. A jikin leda za ku ga an rubuta aspartame. Ya fi sukari zaƙi kamar sau 200. A watan Yuli na 2023 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin abubuwan da wataƙila za su iya kawo kansa, ma'ana akwai 'yar alama amma hujjar ba ta yi ƙarfi ba. A lokaci guda aka bar iyakarsa yadda take, miligiram 40 ga kowane kilo, aka ce sai mutum mai kilo 70 ya sha fiye da gwangwani 9 zuwa 14 a rana kafin ya wuce ta. Don haka cingam ɗaya ba abin tashin hankali ba ne. Sai dai a shekarar 2023 ɗin dai hukumar ta ce kada a dogara da irin waɗannan masu zaƙi don rage ƙiba, gara mutum ya saba wa harshensa da ƙarancin zaƙi.

Abin da ya fi duk waɗannan ban tsoro shi ne garin da ba shi da suna. A watan Maris na 2021, gab da azumi, mutane a Kano suka fara zuwa asibiti da amai da jiri da fitsarin jini. Ɗaruruwa aka kwantar, wasu ƙodarsu ta taɓu, wasu suka rasu. Allah ya ji ƙansu. Da aka bi sawu, sai aka gano abin ya fito ne daga garin haɗa lemu da ɗan tsami da aka saya a kasuwa. Wasu kayan wa'adinsu ya ƙare, kuma hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta ce akwai wani sinadari mai guba da aka sayar a matsayin ɗan tsami. Ɗan tsami na gaskiya ba guba ba ne, irin tsamin da ke cikin lemun tsami ne. Amma farin gari duk kamarsa ɗaya. Da zarar an juye shi daga buhunsa an ƙulla a leda, babu suna, babu kwanan wata, babu wanda za a kama. Masu haɗa lemun ma ba su san abin da suka sayo ba, wasu da iyalansu suka sha.

Burodi ma yana da nasa. Akwai wani sinadari da ake kira buromet, a Turance ana rubuta shi potassium bromate, wanda wasu gidajen burodi ke sa wa a fulawa don burodin ya kumbura ya yi laushi. Fulawa kaɗan, burodi ƙato, riba ta ƙaru. In an zuba da yawa ko burodin bai gasu sosai ba, ragowarsa takan zauna a ciki. Yana illa ga ƙoda, kuma ya sa wa dabbobin gwaji kansa. Ingila ta hana amfani da shi tun 1990, Najeriya ma ta hana, kuma an yi yaƙi da shi sosai lokacin da marigayiya Farfesa Dora Akunyili ke shugabantar NAFDAC. Har yanzu hukumar tana gargaɗin masu gidajen burodi a kansa, da kuma sa sakarin a madadin sukari. Ido ba ya ganin buromet, hanci ba ya jin sa. Abin da mai saye zai iya shi ne ya zaɓi burodin da ke da sunan gidan da ya yi shi da lambar NAFDAC a jikin leda.

Wanda ya fi shan zagi a gidajenmu kuwa shi ne farin magi, kuma a ganinmu zagin ya fi laifinsa yawa. Wani farfesa ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya fitar da shi daga wata ciyawar teku a 1908. Yanzu daga rake ko rogo ko masara ake yin sa. Sinadarin da ke ba shi ɗanɗano yana nan a cikin tumatir, yana cikin daddawa, shi ya sa miyar kuka ba ta daɗi sai da ita. Ana cewa ai yana wanke tukunya, to me zai yi wa hanji? Lemun tsami ma yana wanke tukunya, ga shi muna matsa shi a koko. Wasu mutane kan ji ciwon kai in sun ci da yawa, su sai su bar shi. Inda gizo ke saƙa shi ne gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a rana, bai cika cokalin shayi ɗaya ba ke nan. Magin dunƙule kusan rabinsa gishiri ne. A miya ɗaya sai a sa dunƙule, a sa fari, a kawo gishiri a ƙara. Garin ɗanɗanon da ke cikin ledar taliyar yara shi ma gishiri ne ya fi yawa a ciki, mu kuma duka muke juyewa har mu lashe ledar. Yawan gishiri yana kawo hawan jini, hawan jini kuma shi ke kai wa ga shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda. Harshen da ya saba da shi tun yana aji ɗaya, da wuya ya bari in ya girma.

Sai kalar da ke rina mana harshe ja ko ruwan ɗorawa. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Southampton ta Ingila a 2007 ya nuna wasu kaloli na iya ƙara wa wasu yara rashin natsuwa. Tun 2010 dokar Tarayyar Turai ta ce a rubuta gargaɗi a jikin abincin da ke ɗauke da su. Biyu daga ciki lambarsu E102 da E110, kuna iya dubawa a jikin alawa da lemu. Ba kowane mai surutu a aji ne zai ɗora wa alawa laifi ba, kada wani ya samu hujja.

Karanta jikin leda ba ya ɗaukar minti ɗaya. Ana jera kayan haɗi ne daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙanƙanta, don haka in sukari ne na farko ko na biyu, kun san abin da kuka saya. A duba ranar ƙarewar wa'adi, a duba lambar NAFDAC. Lemun da ya yini a rana a bakin titi gara a bar shi, domin wani sinadarin hana lalacewa da ake kira benzowet, in ya haɗu da bitamin C ga zafi ga haske, yana iya haifar da ɗan benzin, wanda aka tabbatar yana kawo kansar jini. Yawanci abin kaɗan ne ƙwarai, amma zafin watan Afrilu a garinmu ba wasa ba ne.

Muna roƙon kowane aji ya tara mana ledoji da robobin abin da aka saya da tara a wannan mako, a wanke su a kawo wa kulob ranar Alhamis kafin a tashi. Za mu lissafa cokalin sukarin da ke cikin kowanne mu manna a wannan allo a fitowa ta gaba. Wanda ba shi da rubutu a jiki ma a kawo, za mu ware masa gefe guda.