Me Ya Sa Jirgin Ƙasa Yakan Makara?

Duk wanda ya taɓa kwana a tashar Kafanchan ko ta Zariya da iyalinsa, guzuri ya ƙare, yara suna kuka, jirgi kuwa shiru, ya san zafin wannan tambaya. Mutane sukan ɗora wa direba laifi. Amma sau da yawa laifin ba nasa ba ne.

Bari mu fara da hanyar kanta. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Maiduguri a 1964. Tsohon dogon nan siriri ne, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6, ga shi da yawan kwana, saboda haka jirgi ba ya iya gudu sosai a kansa. Kusan ko'ina kuma layi ɗaya ne. Idan jirage biyu sun fuskanci juna, tilas ɗaya ya tsaya a tasha sai ɗayan ya wuce. To, in na Ikko ya makara da awa biyu, na Kano ma ya makara ke nan, haka kuma wanda yake jiransa a gaba. Daga Ikko zuwa Kano ya fi kilomita 1,100, ka ga akwai wuraren jira da dama.

Sai kuma gyara. Ruwan damina yakan zaizaye ƙasar da take ƙarƙashin dogo, ɓarayi sukan kwance ƙarafa su sayar. Kan jirgi in ya lalace, kayan gyaransa daga ƙasashen waje ake sayowa. Kuɗin tikiti kuwa ba ya isa a biya albashi da mai da gyara, sai gwamnati ta cika. Shekarar da ba ta cika ba, gyara ake fara dakatarwa. A 1979 har aka gayyato gwanaye daga Indiya su riƙe hukumar reluwe, aiki ya farfaɗo. Da suka tafi a 1982, sannu a hankali aka koma gidan jiya.

Sabon dogo mai faɗi ma bai tsira ba. An buɗe na Abuja zuwa Kaduna a 2016, jama'a suka yi murna. Ranar 28 ga Maris 2022 'yan bindiga suka fasa dogon, suka kashe mutane, suka sace fasinjoji da yawa. Jirgin bai sāke tashi ba sai a Disamba. A watan Maris ɗin nan ne kuma mai ya ƙare wa jirgin Ikko zuwa Ibadan a tsakiyar hanya.

Mai karatu, kai ma kana da naka rabo. Sayi tikiti a wurin da ya dace, kada ka saya hannun 'yan bayan fage. Hana yara wasa a kan dogo ko jifan taragai. In ka ga ana kwance ƙarfe, sanar da hukuma, gama watakila ɗan'uwanka ne a cikin jirgin da yake tafe.