Kanta Na Kabi: Yadda Bakon Mutum Ya Kafa Gidan Sarauta

Malaman makarantu sun saba koya wa yara labarin Wilyam na Normandi, wanda ya ci Ingila a 1066 ya kafa gidan sarauta. To, mu ma muna da irinsa a ƙofar gida, watau Muhammadu Kanta, Sarkin Kabi na farko. Mutanen Kambaza da Kalgo kuwa su ne suka fi cancanta su san shi, gama ƙasarsu tana cikin mulkinsa. Har ma masu tarihi sun ce sunan Gwandu daga gandun Kanta ya samo asali.

Kanta bai gaji sarautar Kabi ba. An ce asalinsa daga ƙasar Katsina ne, ya tashi cikin makiyaya, ya yi suna wajen dambe da kokawa, har samari suka taru a bayansa. Da ƙarfinsa ya kawo, sai ya zama shugaban Leka, ya bi Askiya Muhammadu na Songhai zuwa yaƙin Agadas. A kan hanyar komowa, wajen 1516, aka yi rabon ganima aka ƙware shi. Nan take ya yi tawaye. Askiya ya aiko da runduna, ba ta yi nasara ba. Daga baya Askiya Muhammadu Bunkan ya zo da kansa, shi ma ya sha kashi.

Amma cin yaƙi ɗaya ba ya kafa sarauta. Abin da ya raba Kanta da sauran jarumawa shi ne gini. Ya kafa Surame da Gungu, ya ƙarfafa Leka, ya kewaye su da ganuwa, ya dogara ga fadamun Gulbin Kabi, inda dawakin abokan gaba ba su da sakewa. Ganuwar Surame ta dutse da ƙasa tana nan, ana ganin kufanta. Da Sarkin Barno ya kewaye birnin, bai iya cinsa ba. Kanta ya bi shi har Nguru, suka gwabza. A hanyar dawowa aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina, ajali ya cika, aka kai shi Surame aka binne.

Ya rasu a tsakiyar ƙarni na 16, amma gidan bai mutu ba. Zuriyarsa, watau Lekawa, suka koma Birnin Kabi wajen 1700. A 1805 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci birnin, ƙasar Gwandu ta shiga hannun jama'ar Shehu. Duk da haka Kabawa suka sake kafa gadon mulkinsu a Argungu, inda Lekawa ke sarauta har yau.

Saboda haka in malami ya gama labarin Wilyam, ya kamata ya buɗe wa yara taswirar ƙasarsu, ya nuna musu Surame da Argungu, ya tambaye su abin da ya sa gidan Kanta ya wuce shekara 500, alhali daular Songhai da ya yi wa tawaye ta rushe tun 1591.