Zuciya Ba Ta Rufe Rumfa

 

Ya kai ɗan kasuwa, kai ka kan rufe rumfa da magariba ka tafi gida. Amma zuciyarka ba ta rufe tata rumfar. Dare da rana tana tura jini, bugu wajen 100,000 kowace rana. Ran da ta gaji, ciniki ya ƙare, iyali kuwa su shiga wahala. Yaƙin da ya tashi a watan Afrilu 2023 ya lalata rumfuna, ya rufe asibitoci da yawa na Hartum. Saboda haka tsare gaba ya fi neman magani. To, ga abu biyar.

Na fari, sukari. Mai shayi ta kan zuba maka cokali 3 a kofi. In ka sha kofi 5, cokali 15 ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kada babba ya wuce kamar ƙaramin cokali 12 a yini, in ya tsaya a 6 ya fi. Yawan sukari ya kan kawo ƙiba, ƙiba ta kan jawo ciwon sukari, shi kuma ya ɓata hanyoyin jini. Ka ce mata cokali ɗaya. Bayan 'yan kwanaki harshe ya kan saba.

Na biyu, gishiri. Gram 5 a yini, watau ƙaramin cokali ɗaya, shi ne iyaka, har da na miya da na dunƙulen magi. Gishiri ya kan riƙe ruwa cikin jiki, jini ya hau. Ful abinci ne mai kyau, man riɗi ma haka, sai dai a rage gishirin. Agashe kuwa, ka zaɓi tsoka, ka bar kitse.

Na uku, taba. Ko sigari, ko shisha, ko tumbak da a ke sawa a leɓe, duka suna sa zuciya gudu, suna tsuke hanyoyin jini. Wanda ya bar sigari shekara ɗaya, hatsarin ciwon zuciyarsa ya kan ragu da wajen rabi.

Na huɗu, tafiya. Zama a rumfa tun safe ba hutu ba ne ga zuciya. Ka yi tafiya da sauri rabin sa'a, kwana 5 a mako, da sassafe ko bayan la'asar.

Na biyar, awo. Hawan jini ɓarawo ne, ba ya sallama. Ka je a auna ka. In awo ya riƙa kai 140 bisa 90, likita zai ba ka magani. Kada ka bar sha don ka ji sauƙi.

Ku iyaye mata, yaron da maƙogwaronsa ke ciwo da zazzaɓi, ku kai shi a duba. Penisilin ya kan hana cutar ta sauka ta lalata ƙofofin zuciya. Irin wannan ɓarna ce ta kai mutane da yawa gaban wuƙar likita a asibitin Salam, wanda aka buɗe a Soba cikin 2007.

In kuwa ka ji nauyi ya danne ƙirji, ciwo na sauka hannu, ga zufa, kada ka jira a tashi kasuwa. Sai asibiti nan da nan.

Lafiya uwar jiki. Ku huta lafiya.