Kwaɓi daban, cuɗa daban

A bakin masu koyar da girki a rediyo da Facebook, kusan komai yanzu "kwaɓawa" ake yi. Tsofaffin matan Birnin Kebbi da Argungu ba haka suke magana ba, kuma su ne da gaskiya.

Kwaɓi shi ne haɗa gari da ruwa har su zama abu ɗaya, shi ya sa magini ma ke kwaɓa ƙasa. Cuɗa kuwa sai an gama kwaɓi take farawa. Dubi mai yin alkaki na garar amarya: ta danna curin da tushen tafin hannu, ta ture shi gaba, ta naɗo, ta juya, ta sake dannawa, har ya daina kama mata yatsu, in ta ja shi ya miƙe bai tsinke ba. Dalili shi ne alkama na da wani sinadari mai danƙo da ba ya tashi sai ya sha ruwa ya kuma sha matsa. Danƙon nan ne ke riƙe iskar da yis ke fitarwa, burodi ya kumbura. In aka yi wa cuɗa ha'inci, tanda za ta tona asiri.

Shinkafar fadamar Rima da gero ba su da wannan danƙo, don haka kalmominsu daban ne. Tuwon shinkafa tuƙa shi ake yi, a kwashe, a mulmula. Fura kirɓa ta ake a turmi, sannan a dama da nono. Kowace kalma tana gaya maka abin da ke cikin ƙwarya da irin motsin da hannu zai yi.

Har a zancen yau da kullum bambancin bai ɓace ba. In lamari ya lalace sai a ce ya kwaɓe, amma zaman tare cuɗanya ne, taimakon juna kuma cuɗe-ni-in-cuɗe-ka.

A Birnin Kebbi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa da alkama rance a watan Nuwamba 2015. Jihar da ke noma hatsin tuƙi da na cuɗa bai kamata 'ya'yanta su riƙa haɗa kwaɓi da cuɗa ba. Malaman Hausa, ku kai ɗalibai madafi su gani da idonsu.