Harajin Yaƙi Ne Ya Cika Ƙauyukan Ingila da Masaƙa

A farkon ƙarni na 14 Ingila na fitar da ɗanyen ulu sama da buhu dubu 30 a shekara. A tsakiyar ƙarni na 15 abin ya faɗo ƙasa da dubu 10, yadin ulu saƙar ƙauye ya maye gurbinsa a jiragen ruwa. Har gobe ana maimaita cewa masaƙan Filandas da Sarki Edward na Uku ya fara gayyatowa a 1331 su suka kawo sauyin. Labari ne mai daɗin ji, amma haraji ne ya yi aikin.

Da Yaƙin Shekara Ɗari da Faransa ya ɓarke a 1337, bashi ya yi wa sarki katutu, sai ya waiwayi ulu. Kowane buhu, wajen kilo 165, aka aza masa sule 40 bisa tsohon kuɗin fito. Yadi kuwa, da aka sa masa fito a 1347, peni 14 kacal ɗan ƙasa ke biya a kan turmi. Fatake ba sa haɗiye asara: suka danne farashi a wurin makiyayi, suka tsuga shi a wurin masaƙin Filandas. Mai kaɗi da saƙa a ƙauyen Ingila ya wayi gari yana samun ulu da araha fiye da abokin gasarsa na ƙetare.

Ga wahalar hanya kuma. Daga 1363 dole akasarin ulun da ake fitarwa ya bi ta garin Kale, a ƙetaren teku. Dillali a tuddan Kotswold zai tattara shi gona-gona, a ɗaure, a labta wa dawakai zuwa Landan, a auna, sannan jirage su tsallaka a ayari don gudun 'yan fashin teku. Ciniki yawanci bashi ne, sai kaya sun shiga ake biya. Daga fiton ulun ake biyan sojojin da ke gadin Kale ɗin, wato makiyayi ne ke ciyar da su bai sani ba.

An yarda, annobar da ta ɓarke a 1348 ta rage ma'aikata ta faɗaɗa kiwon tumaki, baƙin masaƙa ma sun zo da gwanintarsu. Amma Ingila na saƙa tun kafin zuwansu, annobar kuma ba ta tsallake Filandas ba.

Wasiyyoyi sun nuna inda kuɗin ya kwana. John Fortey, dillalin ulu na Northleach da ya rasu a 1458, fam 300 ya bar wa ginin cocin garinsu. Thomas Paycocke na Coggeshall, a tasa wasiyyar ta 1518, masaƙansa da masu yi masa kaɗi ya yi wa rabo, domin zuwa lokacin dukiyar karkara ta koma hannun mai yadi. Makiyayi shi ne ya ɗauki nauyin yaƙin, ribar kuma ta tafi ga dillali da mai masaƙa.